Abin da Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Duba Kafin Ya Sayi Keken Hawan Dutse

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin zirga-zirga ya shiga sahun abubuwan da ke cinye ribar ƙananan 'yan kasuwa a ƙasar nan. Cikin 'yan kwanaki farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kimanin Naira 500, kuma a watan Oktoba na 2024 ya haura Naira 1,000 a garuruwa da dama. Wannan ne ya sa ma'aikata da masu shaguna da yaran aike suka sake waiwayar keke. Sai dai kuma a watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sauya tsarin canjin kuɗi, darajar Naira ta faɗi, kuma da yake daga waje ake shigo da akasarin kekuna da kayan gyaransu, farashinsu ya bi Dala. Saboda haka wanda ya yi kuskure wajen zaɓe a yau, asararsa ta fi ta da nauyi.

Irin keken da ya fi jan hankalin masu saye shi ne mai giya da faffaɗar taya mai ƙuraje, wanda ake kira keken hawan dutse. Asalinsa daga gundumar Marin ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda a shekarun 1970 wasu samari suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper, wanda ke cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa, kuma a 1996 aka shigar da tseren irin wannan keke cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta. Wato dai an ƙirƙire shi ne domin hanya mai gargada da tudu da kwari, abin da ya sa ya dace da yawancin hanyoyin unguwanni da na karkara a Nijeriya.

Kafin a shiga batun zaɓe, ya kamata mai saye ya tantance aikin da zai sa keken. Idan buhunan hatsi ko jarkokin ruwa za a riƙa ɗaurawa, to tsohon baƙin keke mai birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, shi ne ya fi cancanta, domin an yi shi ne saboda ɗaukar kaya, kuma babu mai gyaran da bai san shi ba. Keken hawan dutse na mutum ne da ɗan kaya mara nauyi, kamar mai zuwa wurin aiki ko yaron shago da ke kai saƙo cikin gari.

Wanda ya tabbata keken hawan dutse yake bukata, kuma kuɗinsa kaɗan ne, ƙa'ida guda za ta fisshe shi: ya nemi keke mafi sauƙin ƙira, wanda ya yi daidai da tsawonsa, kuma ake samun kayan gyaransa a garin da yake zaune. Duk wani ƙarin ado da aka ɗora wa keke mai araha, to an rage ingancin wani sashe ne aka biya kuɗinsa.

Misali mafi bayyana shi ne shokazoba. Kekunan nan iri uku ne: akwai wanda ba shi da shokazoba ko kaɗan, akwai mai ita a gaba kawai, akwai kuma mai ita gaba da baya. Na ukun nan ya fi ɗaukar ido a shago, kuma a hannun manyan kamfanoni keke ne mai tsada ƙwarai. Amma idan aka same shi da araha, abin da ke bayansa sifirin ne kawai, ba tare da wani abin da ke danne tsallensa ba. Duk lokacin da mahayi ya taka feda, wani ɓangare na ƙarfinsa yana tafiya ne wajen lotsa sifirin. Bugu da ƙari, mahaɗan da ke sa bayan keken motsi suna saurin sakin jiki, ga nauyi da yakan kai kilo 18 ko fiye, alhali keke mai shokazoba a gaba kawai, na matakin farko daga kamfani sananne, yakan tsaya tsakanin kilo 13 zuwa 15. Haka kuma irin wannan keke ba ya karɓar kariya yadda ya kamata. Da kuɗi ɗaya, mai shokazobar gaba ko wanda ba shi da ita sam zai fi daɗewa.

Abu na biyu shi ne girman firam, kuma wannan ne kuskuren da ba ya gyaruwa bayan an biya kuɗi. Ana auna firam da inci, ko kuma a rubuta masa harafin S ko M ko L. A bisa kimantawa, mai tsawon santimita 160 zuwa 170 yana bukatar inci 15 ko 16, mai 170 zuwa 180 inci 17 ko 18, wanda ya haura haka kuma inci 19 zuwa sama. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya tsaya da ƙafafunsa biyu a ƙasa, sandar firam tana tsakaninsu, ya ga akwai tazarar aƙalla yatsu uku tsakaninsa da sandar. Sannan ya hau sirdi ya ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa; idan ƙafarsa ta miƙe ba tare da an zaro sandar sirdi ta wuce layin iyakar da aka zana mata ba, to keken ya yi masa. Keken da ya yi wa mutum ƙanƙanta yana jawo ciwon gwiwa, wanda ya yi masa girma kuma yana wuyar sarrafawa cikin cunkoso.

Dangane da ƙarfen da aka yi firam da shi, akasari alminiyam ne ko baƙin ƙarfe. Alminiyam ya fi rashin nauyi kuma ba ya tsatsa, amma idan ya tsage, mai walda na bakin titi ba zai iya ɗinke shi yadda za a amince da shi ba. Baƙin ƙarfe ya fi nauyi, yana kuma tsatsa idan aka bar shi cikin ruwan sama, sai dai ana iya miƙe shi ko a yi masa walda a kowane gari. Da ɗan maganaɗisu za a bambance su, domin yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam.

Abu na uku shi ne taya. Girma uku ake yi: inci 26, da 27.5, da 29. Manyan kamfanoni sun rage ƙera inci 26 tun tsakiyar shekarun 2010, amma har yanzu shi ya fi yawa cikin kekunan gwanjo da masu araha, don haka tayarsa da tub ɗinsa sun fi sauƙin samu. A gefen kowace taya akwai lamba da ke nuna faɗin wilin da milimita: 559 ga inci 26, 584 ga inci 27.5, sai 622 ga inci 29. Yana da kyau a san cewa tayar tsohon baƙin keke, wadda ake kira inci 28, lambarta 635 ce, saboda haka ba ta shiga wilin inci 29, duk da kusancin sunayen. Kafin a biya kuɗi, a leƙa wurin masu sayar da kayan keke a tambayi wace taya suke da ita. Haka nan a duba bakin tub. Akwai mai kauri irin na mota, wanda kowane mai faci zai iya ba shi iska, akwai kuma siriri da ake kira Presta, wanda sai da famfonsa ko ɗan mahaɗi. A wuraren da tsidau da sauran ƙaya suka yi yawa, taya mai kauri ta fi mara nauyi amfani.

Abu na huɗu shi ne giya. Mai sayarwa yakan yi tutiya da cewa kekensa giya 21 gare shi, wato faranti uku a gaba da haƙora jeri bakwai a baya. Yawan nan ba shaidar inganci ba ne, hasali ma kekuna masu tsada na wannan zamani faranti ɗaya gare su a gaba. Abin dubawa shi ne wanda ya ƙera na'urar canja giyar. Kamfanin Shimano na Japan, wanda aka kafa a 1921, shi ne ya fi yaɗuwa, kuma kayansa hawa-hawa ne: Tourney ne na ƙasa, sai Altus, sai Acera, sai Alivio, sannan Deore zuwa sama. Ga mai ƙaramin ƙarfi Altus ko Acera sun wadatar, Tourney ma yana aiki idan an saita shi da kyau. Amma a yi hattara da takardar da aka manna wa firam mai ɗauke da sunan Shimano, domin takarda ba ta da tsada. Kayan gaske suna da lambar samfuri a jikin ƙarfensu, alal misali RD-M310 a na'urar baya ta Altus. Mazauna shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maiduguri ba su da bukatar giya da yawa, amma a Jos ko wasu sassan Abuja giya mai taushi ta hawan tudu tana da muhimmanci.

Abu na biyar shi ne birki. Akwai mai roba da ke matse gefen wili, akwai mai faifai da waya ke ja, akwai kuma mai faifai da ke aiki da mai irin na mota. Na ƙarshen ya fi kamawa, musamman cikin ruwa da taɓo, amma idan ya yi yoyo ko iska ta shige shi, sai wanda ya san aikin kuma yake da kayansa, ga shi kowane kamfani da irin man da ya ƙayyade. Birki mai roba kuwa gyaransa ba wuya, robarsa na da araha. Birkin roba mai kyau ya fi birkin faifai na jabu, wanda faifansa ke lanƙwashewa yana gogar takalminsa.

Daga nan sai tambayar da kowa ke yi: sabo ko gwanjo? Hausawa sun ce araha ba ta ado. Sau da yawa tsohon keken kamfani sananne, irin su Giant ko Trek ko Specialized, wanda aka shigo da shi daga Turai ko Amurka, ya fi sabon da ba a san maƙerinsa ba, ko da farashinsu ɗaya ne. Sai dai gwanjo ba a yi masa cinikin biri a sama. A tafi da mai gyaran keke wanda aka amince da shi, a biya shi ladan dubawa. A binciki firam, musamman wuraren walda da ƙarƙashin wuyan keke, domin fenti da ya tattare ko ya tsage a nan alama ce ta an taɓa yin karo. A ɗaga kowane wili a juya shi a ga ko yana layi, a girgiza shi gefe da gefe a ji ko boris ya saki. A matse birkin gaba a tura keken gaba da baya. Idan aka ji ƙwas-ƙwas, to wuya ko shokazoba sun ci. A tabbata sandar sirdi tana motsi, domin wadda ta manne cikin firam aiki ce babba.

Sarƙa ma tana da ma'auni. Tsakanin kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ne, don haka tazara 24 ya kamata ta ba da inci 12 cif. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, sarƙar ta isa canji. Idan ta kai kashi ɗaya cikin 8, to akwai yiwuwar haƙoran baya ma sun cinye, kuma kuɗin canja su duka ya kamata a cire daga farashin. Har ila yau, akwai lambar keke da akan buga a ƙarƙashin firam, daidai inda feda ke juyawa. A sa mai sayarwa ya rubuta ta cikin rasit. Keken da aka kankare lambarsa, ko wanda mai shi ya ƙi ba da rasit, a bar shi komai araharsa, saboda sayen kayan sata laifi ne a dokar ƙasa.

Shi ma sabon keke yana da nasa abin lura. Yawanci a cikin kwali yake zuwa ba a gama haɗa shi ba, kuma yadda aka haɗa shi yana tasiri a kan daɗewarsa. Kekuna masu araha sukan zo da ƙarancin giris a boris, da wayoyin wili da ba a ɗaure daidai ba. Ya dace a sa ƙwararre ya kwance ya sa giris ya saita, sannan bayan mako biyu ko uku ana hawa a mayar a sake ɗaure wayoyin birki da na giya, domin sukan saki a farkon amfani.

Wajen lissafi, kada a zuba dukkan kuɗin da ke hannu a kan keken kansa. Ya kamata a ware wani abu, kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin hular kwano, da makulli mai ƙarfi, da fitilar gaba da ta baya, da famfo da tub na ajiya, da kuma gyaran farko. Wanda zai ɗauki kaya ya tabbata firam ɗin yana da ramukan ɗaura kariya da madigadi kusa da wilin baya. Mai shago ko kamfanin da zai saya wa yaransa kekuna da yawa kuwa, zai fi masa riba ya sayi masu taya girma ɗaya da birki iri ɗaya, ta yadda zai sayi kayan gyara a sari, kuma abin da aka cire daga wannan zai shiga wancan.

Daga ƙarshe, hanyar gane ko cinikin ya yi riba ita ce mutum ya haɗa kuɗin motar da yake kashewa a mako, ya raba farashin keken da kayansa da wannan adadi. Abin da ya fito shi ne yawan makonnin da keken zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa, muddin yana kan hanya ba a jingine shi wurin mai gyara ana jiran kayan da babu su a kasuwa ba.