Tausa Bayan An Sauya Wa Mutum Gwiwa A Asibiti

Ciwon gwiwa ya yi yawa a cikin dattawa, maza da mata. A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da yake rufe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri. Idan shekaru suka yi nisa, ko mutum ya daɗe yana ɗaukar kaya masu nauyi, ko ya taɓa jin rauni a wurin, sai guringuntsin nan ya cinye. Daga nan ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Tafiya ta gagara, zuwa gona ya gagara, har salla sai a zaune.

Idan magani ya kasa, likitoci suna yin aiki su sauya gwiwar. Ba ƙafa ake yankewa ba. Ana kankare bakin ƙasusuwan da suka lalace ne, a sa musu murfin ƙarfe, a sa roba mai ƙarfi a tsakaninsu. Tun wajen shekarun 1970 aikin ya fara yaɗuwa a Amurka da Turai. A nan Arewa ana yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2019 ya nuna gwiwa 8 cikin 10 da aka sauya suna kai shekara 25 suna aiki.

To, amma fitowa daga ɗakin tiyata ba shi ne warkewa ba. Wuƙar likita ta ratsa fata da nama kafin ta kai ga ƙashi. Duk inda aka yanka, jiki yana haɗe wurin da tabo. Akwai tabon da ake gani a fata, akwai kuma wanda yake ciki ba a gani. Wannan tabo na ciki yana da tauri. Idan aka bar ƙafa ba motsi, sai ya manne nama da nama, gwiwa ta sandare, ba ta lanƙwasuwa, ba ta miƙewa sosai. Makonni 6 zuwa 12 na farko su ne lokacin da ya fi sauƙi a hana wannan.

A nan ne aikin likitan gashin ƙashi yake shigowa. Shi ne ma'aikacin asibiti da ya koyi motsa gaɓoɓi da tausa. Tausar da yake yi ba ta ƙashi ba ce, ta nama ce da fata da jijiyoyin da ke kewaye da gwiwa. Yana yin ta iri-iri, kowace da lokacinta.

A kwanakin farko ƙafa tana kumbura ƙwarai. Sai ya ɗora ta a kan matashi, ya riƙa shafawa a hankali da tafin hannu daga ƙasa zuwa cinya, ba ya taɓa ɗinkin. Wannan yana taimaka wa ruwan kumburi ya koma cikin jiki. Shafa ce kawai, kamar yadda uwa take shafa bayan jariri. Bayan haka yana matsa naman cinya na gaba da na baya, domin zafi yana sa su ɗaurewa. Yana kuma kama ƙoƙon gwiwa da yatsu, ya tura shi sama da ƙasa, dama da hagu. Idan ƙoƙon nan ya kafe wuri ɗaya, gwiwa ba za ta lanƙwasu ba.

Tausar tabo ita ce ta ƙarshe. Ana cire zaren ɗinki bayan kamar mako 2, amma ba a fara murza tabo sai ciwon ya rufe sarai, ba ɓawo, ba ruwa. Yawanci sai bayan mako 4 zuwa 6, kuma sai likita ya ba da izini. Ana ɗora yatsa a kan tabon, a danna kaɗan, a juya fatar a hankali, sannan a tura ta gefe da gefe. Minti 5 ya isa, sau 2 ko 3 a rana. Ana iya sa ɗan man kaɗanya mai tsabta. Wannan kam mara lafiya zai iya yi da kansa, ko ɗansa ko matarsa su yi masa, idan an nuna musu a asibiti.

Ya kamata a san iyakar amfanin tausa. Tana rage zafi na ɗan lokaci, tana sassauta nama. Amma ba ita ce take mayar wa ƙafa ƙarfinta ba. Motsa ƙafa ne yake yin wannan: lanƙwasa gwiwa da miƙe ta kullum, ɗaga ƙafa a kwance, da tafiya da sanda. Shi ya sa ake tayar da mara lafiya tsaye tun kwana ɗaya ko biyu bayan aiki. Wanda ya kwanta yana jiran a yi masa tausa kawai, gwiwarsa za ta sandare. Idan ta sandare, wani lokaci sai an sake sa shi barci a asibiti an lanƙwasa ta da ƙarfi.

Babban haɗari yana zuwa ne bayan an koma gida. 'Yan dubiya suna zuwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a kira mai ɗori ya ja ƙafar, wani ya ce wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a fitar da mugun jini. Masu ɗori sun san aikinsu a kan targaɗe, amma wannan gwiwa ba karaya ba ce, akwai ƙarfe a cikinta. Duk abin da ya huda fata kusa da wurin yana iya kai ƙwayar cuta ga ƙarfen. Idan ƙwayar cuta ta kama shi, magani da wuya ya kashe ta. Sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar an cire ƙarfen, ga wahala, ga kuɗi mai yawa. Mai ciwon suga yana cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari.

Gashi da ruwan zafi ma a yi hattara. Fatar da ke gefen tabon ta waje takan mutu, mutum ba ya jin taɓi sosai, sai ya ƙone bai sani ba. A makonnin farko sanyi ya fi amfani. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20. Inda babu ƙanƙara, a jiƙa tsumma da ruwan randa, amma kada a jiƙa ɗinkin da bai rufe ba. Kuma idan za a kwanta, kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, domin za ta saba da lanƙwasa. A sa shi a ƙarƙashin dunduniya.

Akwai wuri ɗaya da ba a matsawa da ƙarfi, wato sha-raɓa, naman bayan ƙwauri. Bayan irin wannan aiki jini yakan daskare a cikin jijiyar wurin. Alamarsa ita ce sha-raɓa ya kumbura, ya yi zafi, ya yi tauri, yana ciwo idan an taɓa. Mutane sukan ɗauka ɗaurewar nama ce, su hau tausa. Wannan kuskure yana kisa. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya toshe huhu. Duk wanda ya ga wannan alama, ko ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka kuma idan an ga zazzaɓi, ko ɗinki yana fitar da ruwa ko mugunya.

Ko bayan an warke, sabuwar gwiwa ba ta cika lanƙwasuwa kamar ta haihuwa ba. Da yawa ba sa iya tsuguno ko zaman tahiya a ƙasa. Malamai sun yarda mai lalura ya yi salla a kan kujera. A banɗaki kuwa, kafinta zai iya yin kujera mai rami a ɗora a bakin masai. Kumburi da ɗan ɗumi a gwiwa suna iya kai wata 6, wani har shekara, kafin su tafi gaba ɗaya.