Kafin ka sayi akwatin faifan ajiya na gwanjo

Jama'a, na samu akwatin faifai mai ramuka 24, irin na manyan kamfanoni, da arha a nan Ingila. Na jona, kwamfuta ta yi gum. Matsala uku na gano.

Ta farko waya ce: bakin akwatin QSFP ne, na katina SFF-8088, sai da na nemo wayar da ke haɗa su. Ta biyu, katin RAID yana ɓoye faifan, katin HBA ake so. Ta uku, an tsara faifan da bait 520, Linux kuma ya ƙi su sai 512. Da sg_format na gyara, amma fa yana share komai, yana cin awanni.

Ka tambayi mai sayarwa ukun nan kafin kuɗinka su fita.