Igiyar ruwa mai jin magana, da lakar Mozage

A watan Fabrairun 2025 mujallar Nature ta buga aikin wasu masana na Jami'ar Fudan da ke Sin da abokan aikinsu na Singafo. Sun kewaye ruwan wata kwatarniya da bututai, kowane haɗe da lasifika, suka riƙa tura igiyoyin ruwa daga ɓangarori da dama. Inda igiyoyin suka haɗu sai su ƙulla wani tsari mai juyawa da ba ya saurin wargajewa. Abin da ke yawo a saman ruwan, daga mai girman ƙwayar shinkafa har zuwa ƙwallon tebur, sai tsarin ya cafke shi, ya tsayar da shi wuri guda ko ya yi ta kewayawa da shi.

Ilmin da ke bayan wannan shi ake kira tofoloji, wato nazarin siffofin da ba sa canzawa komai lanƙwasa. Ka ɗauki gammo: ka matse shi, ka murɗa shi, ramin tsakiyarsa yana nan sai in ka warware shi. A 2016 Thouless da Haldane da Kosterlitz suka ci kyautar Nobel saboda shigar da wannan tunani cikin fiziya.

Manomin Konni zai ce, to ina ruwana? Gonakin noman rani na can, da hukumar ONAHA ke kula da su, suna shan ruwa ne daga madatsun Mozage da Zango da ke kan kwarin Magiya. Ciwon kan waɗannan madatsu ba a saman ruwa yake ba. Yashi da laka ne da kwararar damina ke kwasowa daga tuddan da suka rasa itatuwa, su kwanta a ƙasa, su cinye mazaunin ruwa shekara bayan shekara. Lasifika ba ta kwashe laka. Masu binciken kansu malalar man fetur a teku suke hange, kuma har yanzu aikin bai fita daga ɗakin gwaji ba. Duk wanda ya ce gobe za a kawo shi Mozage, yaudara ce.

Amma akwai wata igiya irin wannan da ta daɗe da shiga rayuwarmu. A 2017 Delplace da Marston da Venaille suka nuna a mujallar Science cewa igiyar Kelvin, mai bin layin tsakiyar duniya tana nufar gabas kaɗai, tofoloji ne ya hana ta juyowa ko tarwatsewa. Ita ce ke kai ruwan ɗumi gabashin tekun Fasifik a lokacin El Nino, kuma shekarun El Nino sukan zo da ƙarancin ruwan sama a Sahel, kamar a 1972 da 1982. In damina ta yi gardama, Magiya ba ta cika Mozage, mai albasa kuma tun kafin sanyi ya san zai rage fili.