Filin Manoma: In Kunne Ya Ji, Gangar Jiki Ta Tsira

 Yau ba maganar taki ko iri za mu yi ba. Zancen hadari za mu yi, da mutanen da aikinsu shi ne tsaronsa dare da rana, da kuma abin da ya rage mana mu yi da kanmu.

Kowa ya san hadarinmu daga gabas ya ke tasowa. To, ko kun taɓa tambaya ina ya ke zuwa bayan ya wuce mu? Iskar da ta ke koro shi ba ta tsayawa. Ta kan bi yamma, ta ratsa Barkina Faso da Mali da Senigal, har ta faɗa Tekun Atlantika. Da damina, kusan kowane kwana 3 zuwa 5 sai wata ta bi sawun wata. Yawancinsu su kan mutu a hanya. Amma wadda ta tarad da ruwan teku da ɗumi sai ta sami ƙarfi, ta fara juyawa, ta zama guguwa. In gudun iskar ya kai kilomita 119 a sa'a guda, ta zama babbar guguwa ke nan. Guguwar da aka sa wa suna Irma ta taso ne yamma da Dakar a ƙarshen Agusta 2017, ta ragargaza tsibiran Karebiyan, ta isa Fulorida a Amurka ran 10 ga Satumba. Ashe iskar da ta kawo mana albarka ita ce wani lokaci ta kan kai wa wasu masifa.

Sabo da haka mutanen can ba su wasa da ita. Lokacin guguwarsu daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, watau ya yi daidai da daminarmu da kakarmu. Akwai ofis a birnin Mayami wanda ba shi da wani aiki sai bin sawunta. Suna duba hotunan tauraron ɗan'adam, suna kuma aika jiragen sama su shiga cikinta su auno ƙarfin iska. Tun tana tsakiyar teku su kan faɗi inda ta dosa, hukuma kuwa ta kwashe mutane.

Mu ma ba a bar mu haka ba. Akwai taurarin Meteosat, waɗanda su ke tsaye bisa Afirka, nisan kamar kilomita 36,000, suna ɗauko hoton gajimare kowane minti 10 zuwa 15. A Nijeriya hukumar NiMet ita ke duba yanayi, kuma farkon kowace shekara ta kan ba da labarin yadda ta ke tsammanin damina, da lokacin faɗuwarta da na ɗaukewarta. NIHSA ita ke auna koguna, ta faɗi inda ake tsoron ambaliya. NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke da aikin agaji. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, bayan babban farin nan. Har wutar daji ma akwai taurarin da su ke ganin zafinta daga sama, su nuna wurin a taswira.

Amma fa duk da wannan, ambaliyar 2022 ta ci ran mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu. Ran 10 ga Satumba 2024 kuma ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri. To, ina gizo ke saƙa? Sau da yawa ba ilmi ne ya gaza ba. Gargaɗin ne ya kan tsaya a ofis, ko a wayar wanda ba shi da gona.

Ni kaina na ga wannan, kuma da laifina a ciki. Wata shekara labari ya iso mini ran Laraba, cewa kogi zai cika. Na ce bari sai ran kasuwa, in jama'a sun taru in faɗa musu gaba ɗaya. Ruwa bai jira kasuwa ba. Da na isa, na tarad da wani dattijo tsaye bakin fadamarsa, masarar da ya riga ya karye ya tara duk ta bi ruwa. Bai ce mini kome ba sai, "Malam, sannu da zuwa." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Tun daga ran nan ba na kwana da labari irin wannan.

Ku dubi abin da ƙasar Bangaladesh ta yi, ita ma ƙasar manoma ce masu ƙaramin ƙarfi kamarmu. A Nuwamba 1970 guguwar teku ta kashe mutum aƙalla 300,000 a can. Bayan haka sai suka horad da mutanen ƙauye masu aikin sa kai, waɗanda su ke bi gida gida da amsa-kuwwa da tuta, suka kuma gina mafaka. Da guguwar Amphan ta zo a Mayu 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar kuwa ba su kai 50 ba. Tauraro ne ya gani, amma ƙafa da baki su ne suka ceci rai.

To, ga abin da na ke so kowane ƙauye ya yi, kuma ba ya bukatar kuɗi.

Na fari, mai unguwa ya zaɓi mutum biyu masu hankali, masu rediyo da waya. Aikinsu su saurari labarin yanayi kullum, su kai shi masallaci da wurin sanƙira nan take.

Na biyu, a riƙa auna ruwa. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo. Kowace safiya a auna zurfin ruwan, a rubuta, a zubar. Milimita 1 a gwangwani daidai ya ke da lita 1 a kan kowace murabba'in mita ta gona. In an jera kwanaki ana ruwa mai yawa, ƙasa ta ƙoshi, ruwan da zai biyo baya gudu zai yi.

Na uku, masu gona a bakin kogi su kafa sanda mai zane a gaɓa. A shirya tun yanzu zanen da in ruwa ya kai shi za a kwashe amfani da dabbobi, da tudun da za a nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, in hadari ya taso kuna gona, ku lura da tsakanin walƙiya da tsawa. Ƙara ta kan yi kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. In kun ji tsawa, aradu tana iya kai muku. A ajiye fartanya a nufi gida, kada a fake gindin itace.

Na biyar, na kaka ne. Kafin hunturu ya yi ƙarfi, a share hanya mai faɗin taki biyar ko shida kewaye da gona da rumbu da inda aka tara dami da harawa, a kankare ciyawa har ƙasa. A hana yara sa wuta don neman gafiya. Wanda ya hangi hayaƙi ya yi kururuwa, gama kafin labarin tauraro ya iso, kara ya riga ya zama toka.

Ruwa da iska na Allah ne, ba mai hana su zuwa. Amma Shi ne Ya ba mu kunne da hankali. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da dukiyarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.