Ƙarin Fitilu a Mota: Inda Za a Duba Kafin a Sayi Sabon Batir

POTISKUM — Garin Potiskum na Jihar Yobe yana kan mahaɗar hanyoyi. Titin Kano zuwa Maiduguri yana ratsa shi bayan ya baro Azare, ya nufi Damaturu. Ta kudu akwai hanyoyin Bauchi da Gombe, ta arewa kuma hanyar Gashuwa. Wannan matsayi, tare da kasuwar shanu da ke ci kowace Laraba da kuma kasuwar hatsi, shi ya sa garin ya yi suna wajen harkar manyan motoci. Mafi yawan tafiyar da waɗannan motoci ke yi da lodin shanu ko na wake zuwa Legas da sauran biranen kudu tana haɗawa da tuƙin dare, saboda haka ba abin mamaki ba ne direba ya nemi a ƙara masa fitilu a kan waɗanda kamfani ya sa.

Abin da kan biyo baya sananne ne ga masu motoci. Bayan mako guda ko biyu da ɗaura fitilun, sai fis ya riƙa ƙonewa, ko a wayi gari mota ta ƙi tashi, ko sigina ta riƙa ƙyaftawa da sauri, ko kuma a ji ƙaurin roba daga ƙarƙashin sitiyari. Da yawa daga cikin masu motoci sukan yanke hukunci nan take cewa batir ya mutu, su sayi sabo, shi ma ya bi sahun na farko, daga nan a koma kan altaneta, wato injin da ke cajin batir. Alhali kuwa a mafi yawan lokuta laifin ba na batir ba ne, ba kuma na fitilar kanta ba: yadda aka haɗa ta ne. Kayan gyaran haɗin kuwa, wato waya da fis da rile, ba su kai kuɗin batir ɗaya ba.

Tushen al'amarin lissafi ne mai sauƙi, wanda ya kamata kowane mai mota ya iya. Kowane ƙwan fitila yana da adadin wat da aka rubuta a jikinsa. Idan aka raba wannan adadi da ƙarfin batirin motar, wato bolt 12 a ƙananan motoci ko bolt 24 a yawancin manyan motoci, abin da ya fito shi ne yawan wutar da za ta bi ta cikin waya, wadda ake aunawa da amfiya. Ƙwan halojin na gaba mai lamba H4, wanda ke cikin motoci masu yawa, yana cin wat 60 a dogon haske, 55 a gajere. Guda biyu ke nan suna jan kimanin amfiya 10, kuma a kan wannan ne kamfani ya zaɓi kaurin waya da girman fis da ƙarfin makunni. To, idan aka kawo fitilu biyu masu wat 100 kowace aka jona su a kan wannan layi, an ƙara kusan amfiya 17, jimilla 27, a kan wayar da aka yi domin goma da 'yan kai.

Fis ne zai fara ƙonewa, kuma aikinsa ke nan. A nan ne ake tafka kuskure mafi tsada a wannan sana'a: a cire fis mai lamba 15 a sa mai lamba 30, ko ma a naɗa zaren waya ko takardar ƙarfe ta kwalin sigari a gurbinsa. Fis ba fitila yake karewa ba, waya yake karewa. An yi shi ne ya narke kafin waya ta yi zafi. Idan aka hana shi narkewa, zafin zai koma kan robar waya, ita kuwa ba ita kaɗai take tafiya ba, a ɗaure take cikin dami ɗaya da wayoyin danja da na sigina da na ham. Da zarar robar ta narke, wayoyin suka haɗu, sai a ga abubuwan da ba su da alaƙa da juna sun lalace tare. Mai mota zai iya duba wannan da idonsa, domin launin fis irin na zamani yana nuna girmansa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Murfin akwatin fis yana ɗauke da lambar da ta dace da kowane gurbi. Duk inda aka ga kore a gurbin shuɗi, to wani ya ɓoye matsala ne, bai gyara ta ba.

Haɗin da ya dace shi ne a ba sababbin fitilun layinsu na kansu daga kan batir mai alamar ƙari, da waya mai kaurin da ya isa, a sa fis kusa da batirin, sa'an nan a bi ta rile. Rile ɗan makunni ne da ƙaramar wuta ke motsa shi domin ya saki babba. A jikinsa akwai lambobi huɗu: 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ita ke kai ta ga fitila, 85 da 86 kuwa su ne na umurni, abin da suke ja bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba. Da haka makunnin da ke hannun direba ba ya ɗaukar nauyin komai. Ga fitilu masu jan amfiya 17, wayar da ta gaza milimita murabba'i 2.5 ba ta dace ba. A lura kuma cewa a kasuwa akwai waya mai kama da jan ƙarfe wadda cikinta alminiyam ne aka shafa wa launi; ta fi sauƙin kuɗi, ta fi sauƙin nauyi a hannu, amma ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, kuma tana saurin karyewa da girgizar hanya.

Akwai wani abu da ke rikita masu wayarin da ba su goge ba. Wasu motocin Japan, musamman tsofaffin Toyota, makunnin fitilarsu ba wutar da ke zuwa yake yankewa ba, hanyar komawarta ga jikin mota yake yankewa. Wanda ya haɗa rile ba tare da ya auna ba zai ga fitila ta ƙi mutuwa, ko ta kama a lokacin da bai kamata ba.

Sai batun batirin da ke sauka cikin dare. Kafin a zarge shi, a auna shi da mita. Lafiyayyen batir mai cikakken caji, bayan ya huta, yana nuna kimanin bolt 12.6. Idan aka tada inji, ya kamata mita ta hau tsakanin 13.8 da 14.4, a babbar mota kuwa ninkin wannan, wato wajen 28. Daga nan a kunna dukan fitilu, sababbi da tsofaffi, a ɗan taka totur, a sake dubawa. Idan adadin ya faɗi ƙasa da 13 ya ƙi tashi, to ko dai bel ya yi sako-sako, ko kuma nauyin ya fi ƙarfin altaneta, motar tana cin batirinta tana tafiya. Wannan ya fi tsanani a wurin tsayuwa, domin altaneta ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sa'ad da inji ke juyawa a hankali. Motar da ta shafe sa'o'i a layin shingen bincike da fitilu a kunne tana iya ƙin tashi idan aka kashe ta.

Idan kuwa caji lafiya lau yake, sai a nemi ɓarawon wuta. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a cire kan batir mai alamar ragewa, a sa mita tsakaninsa da wayarsa. A ƙaramar mota, bayan na'urorinta sun lafa, abin da ke fita bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. In ya wuce, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, a fara da na sababbin fitilu, har adadin ya faɗi. Rile guda da aka haɗa shi yadda ba ya saki yana jan amfiya 0.2 dare da rana. Cikin mako ɗaya ya sha fiye da amfiya-awa 30, kusan rabin abin da batirin ƙaramar mota ke riƙewa.

Wata al'ada da ya wajaba mai mota ya hana a yi masa ita ce cire kan batir alhali inji na aiki, wai don a ga ko altaneta na caji. A zamanin Peugeot 404 da 504 ana iya yin haka a tsira. A motar da ke da ƙwaƙwalwar kwamfuta, wutar da ke tashi a wannan daƙiƙa tana iya ƙona ƙwaƙwalwar, a kuma shiga neman wata a wurin masu kayan Beljiyam.

Ga masu tirela da manyan motoci, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwancin Potiskum, akwai matsala ta musamman da ta fi kowace cin kuɗi a ɓoye. Bolt 24 na babbar mota yana samuwa ne daga batura biyu masu bolt 12 da aka jera, wutar ɗaya tana bi ta cikin ɗaya. Kayan ado masu bolt 12 kuwa, fitilu masu launi da rediyo da cajar waya da fanka, sun fi yawa a kasuwa, sun fi araha. Sai mai wayarin ya ja waya daga batir ɗaya kaɗai ya ba su wuta. Fitilun za su kama, kowa ya yi murna. Amma altaneta ba ya ganin batura biyu, jimillarsu yake gani, kuma wuta iri ɗaya yake turawa ta cikinsu. Wanda ake sha daga gare shi ba ya taɓa cika, ɗan'uwansa kuma yana shan cajin da ya wuce kima, ruwansa yana ƙafewa. Ɗaya yunwa ke kashe shi, ɗaya ƙoshi. Idan aka auna su tare, mita za ta nuna adadi mai kyau, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Sai an auna kowanne shi kaɗai: ɗaya yana 12.7, ɗaya yana 11.9, to an ga inda gizo ke saƙa. Maganin shi ne a sayi fitilu masu bolt 24, ko a sa na'urar da ke sauko da wuta daga 24 zuwa 12. Fitilun LED masu yawa ma an rubuta a jikinsu cewa suna karɓar daga bolt 10 zuwa 30, waɗannan ba su bukatar wata dabara. Idan kuma baturan sun riga sun lalace, a sauya su duka biyu lokaci guda, domin tsoho yakan ja sabo ƙasa.

Fitila mai dishi-dishi, ko wadda ke rawa idan mota ta faɗa rami, ko danja da ke kamawa tare da sigina, yawanci matsalar wayar jiki ce, wato wadda ake ɗaurewa a ƙarfen mota domin wuta ta koma batir. Ana yawan ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa, ko a kan ƙarfen gaba da aka walda daga baya. A kankare wurin har ƙarfe ya fito fili, a ɗaure da noti, a shafa giris. A tirela a duba soket ɗin da ke haɗa kai da bodi, inda ƙurar hunturu da ruwan damina ke taruwa.

Fitilun LED, waɗanda suka fara bayyana a matsayin fitilun gaba na motocin kamfani a wajen 2007, daga baya suka cika kasuwanni, suna da nasu halin. Wutar da suke ci kaɗan ce, to amma wannan ƙarancin shi kansa yana rikita mota. Na'urar sigina takan ɗauka ƙwai ya mutu, sai ta riƙa ƙyaftawa da sauri; wasu motocin kuma su nuna alamar gargaɗi a gaban direba. Ana gyara wannan da sauya na'urar siginar da wadda aka yi domin LED, ko da ƙara wani ɗan ƙarfe mai shan wuta, wanda ke yin zafi ƙwarai, don haka ba a ɗaure shi a jikin roba ko kusa da tiyon mai. Ƙwan LED da ya ƙi kamawa sau da yawa juya shi kawai ake yi, domin ta fuska ɗaya wuta ke bi ta cikinsa. Masu arha daga cikinsu kuma sukan sa rediyo shuuu da zarar an kunna su.

Ba za a bar batun haske ba tare da faɗin gaskiya ba: ƙarin fitila ba kullum ne ƙarin gani ba. Ƙwan LED da aka cusa cikin gidan fitilar da aka ƙera domin halojin yana watsa haske sama da gefe, ya kashe idon mai tahowa, a kan hanyar da ake yawan gamuwa da garken shanu da masu tafiya a ƙasa. A cikin hazon Disamba da Janairu, farin haske mai ƙarfi da aka ɗora a saman mota dawowa yake yi cikin idon direba. Fitilar hazo da aka ɗaura ƙasa-ƙasa ta fi shi amfani. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan fitilu masu kashe ido, kuma motar da aka tsare da shanu a ciki asara take ƙirgawa kowace sa'a. Haka kuma inshorar da doka ta tilasta wa kowace mota ɓarnar da aka yi wa wani take biya. Ba ta biyan motar da ta kama da wuta saboda wayarin ɗinta, balle kayan da ke ciki.

Saboda haka, ranar da za a karɓi mota daga hannun mai wayarin, a sa shi ya nuna fis ɗin sababbin fitilun da rilensu, ya nuna inda ya ɗauko wuta da inda ya ɗaure wayar jiki. A duba ko ya like mahaɗan waya da dalma ko ya murɗa su ne kawai ya naɗe da baƙin tef, da kuma ko ya sa roba a duk ramin ƙarfen da waya ta ratsa. Sa'an nan a kunna komai na tsawon minti goma sha biyar, a bi wayoyin da hannu. Duk wadda ta yi zafin da yatsa ba ya iya jurewa, a sauya ta tun motar tana gareji, kafin a kai ta wurin lodi ranar Laraba.