Karan Dawa: Abincin Shanu Ko Man Mota?

Da zarar an gama girbi a Kutama da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo, sai manoma su shiga tara karan dawa da na gero, domin da shi ake danni, ake girki, ake kuma ciyar da shanu har faɗuwar damina. To, masana kimiyya ma sun sa masa ido, saboda ana iya samun man itanol daga gare shi.

Amma fa kara suna ya tara. Sinadarin salulos shi ke rikiɗa ya zama sukari, sannan ya zama mai, alhali kuwa lignin, watau abin da ke ƙarfafa karan, cikas yake kawowa. Auna su ta tsohuwar hanya yakan ci kwanaki a ɗakin gwaji. Sai a shekarun 1960 Karl Norris na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ya ɓullo da dabarar awo da hasken da ido ba ya gani. Yanzu akan niƙa karan, a haska shi, na'ura ta ba da amsa cikin mintoci kaɗan.

Nijeriya ta tsara manufarta kan irin wannan mai a 2007. Duk da haka wajibi ne hukumomi su yi lissafi tukuna, domin karan da ke da ƙarancin lignin, wanda masana'anta za ta fi so, shi ne kuma ya fi narkewa a cikin saniya. Idan aka kwashe shi, dabbobi za su rasa abinci da bazara, gonaki kuma su rasa taki.