Mutum Nawa Aka Gwada? Tambayar da Za Ku Yi Kafin Ku Yarda da Sakamakon Bincike

Sau da yawa masu hawan jini kan zo asibiti da labarin cewa "bincike ya nuna" wani abu yana sauke jini, wasu ma har sun ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta musu. Kafin ku yarda da irin wannan labari, ku tambaya: mutum nawa aka gwada?

Idan za a gwada magani, akan raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya su sha maganin, ɗayan kuma a ba su wani abu mai kama da shi, sannan a kwatanta matsakaicin awon jinin kowane kashi. Matsalar ita ce awon jini yana hawa da sauka da kansa. Idan mutum goma kacal aka gwada, bambancin da aka gani yana iya zama dace kawai. Haka kuma magani mai kyau na iya bayyana kamar ba ya aiki.

Shi ya sa ake lissafa adadin mutanen tun kafin a fara. Ana duba girman bambancin da ake nema, da yadda awon mutane ya sha bamban, da kuma ƙarfin binciken, wato damar gano bambancin idan da gaske akwai shi. Galibi ana son wannan dama ta kai 80 cikin 100.

Misali, idan awon mutane kan kauce wa matsakaici da kimanin maki 10, ana kuma neman bambancin maki 5, ana buƙatar mutum 64 a kowane kashi. Idan bambancin maki 2.5 ne, adadin zai ninka sau huɗu, ya kai kusan 256.

Ku ɗauki zoɓo. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya gwada mutum 65 na tsawon mako shida, jinin waɗanda suka sha zoɓo kuma ya ɗan sauka. Amma jininsu bai hau sosai ba tun farko, kuma ba sa shan maganin hawan jini. Saboda haka binciken bai nuna zoɓo zai maye gurbin magani ba.

Duk abin da kuka ji, kada ku daina shan maganinku sai kun tuntuɓi likitanku.